Takalmin Alhaji da Ƙuguna

Da a ce buhun shinkafa na ɗaga, ko mota na tura, da na samu abin faɗa a majalisa. Silifas ne. An idar da sallar la'asar a masallacin unguwarmu, na fito na sunkuya zan jawo ƙafa ɗaya da ta shige ƙarƙashin takalman jama'a, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Na yunƙura zan miƙe, ƙugu ya ce bai san zancen ba.

Haka na tsaya a lanƙwashe kamar lauje, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a cikin takalma. Dama kuma an jima ana kukan satar takalma a masallacin. Ladan ya zo ya tsaya a kaina. Fuskarsa ban gan ta ba, amma ko daga yatsun ƙafarsa na gane bai yarda da ni ba.

"Malam, wanne ne naka a ciki?"

"Baba, bayana ne ya riƙe."

"To, Allah ya sawwaƙe. Amma saki takalmin Alhaji tukuna."

Ashe a cikin raɗaɗi na damƙe wani sabon takalmin fata, na riƙe shi gam. Allah ya taimake ni liman ya san ni. Samari biyu suka kinkime ni zuwa gida, yara na biye da mu suna tambayar me na sata.

Uwargida ta shimfiɗa tabarma, ta kafa doka: in kwanta, kada in motsa. Kafin magariba gida ya cika da 'yan dubiya, kuma a ranar na gane cewa a unguwarmu ni kaɗai ne ban karanci likitanci ba. Surukata ta ce sanyi ne, tun ranar ɗaurin aure ta lura da tafiyata. Maƙwabcina ya rantse basir ne, domin a wurinsa duk abin da ya sami namiji daga wuya zuwa gwiwa basir ne. Ƙanina ya ce taifot. Wani abokin aikina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yallaɓai, jifa ne. Kujerarka ake nema." Kujerar da nake wuni a kanta daga safe har yamma, mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. Da mai neman ya yi min magana, da ni zan biya kuɗin dako.

Maƙwabcin ne ya fara cin zaɓe. Ya aiko da jiƙon sassaƙe a gorar lemo, ya ce in shanye rabi, zai wanko dattin da ya taru a ƙugu. Ya wanko kuwa. Sai dai babu wanda ya yi tunanin cewa mutumin da ba ya iya miƙewa ba ya iya tsugunawa, ga shi banɗakinmu na tsugunno ne, a can ƙarshen tsakar gida. Abin da ya gudana a daren nan tsakanina da bango da buta, na bar wa Allah. Da safe maƙwabcin ya leƙo ya ga yadda na zabge, ya ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe ni.

Wanzami ya zo ya yi ƙaho, ya nuna wa kowa baƙin jinin da ya fito, ya karɓi kuɗinsa. Surukata ta ce a sa yara su taka min baya. Autarmu ta taka, ba laifi, har na ji daɗi. Sai babban ɗana, wanda na ƙwace wa waya a makon da ya wuce, ya ce, "Abba, bari ni ma in samu ladan." Ban taɓa ganin yaron nan ya yi wani aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Na kemis ne ya fi ba ni tsoro daga baya. Yaron shagon ya ƙullo haɗi a leda, ƙwayoyi kala-kala, ciki har da diclofenac da ibuprofen, ya ce in watsa su gaba ɗaya. Waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da taɓa ƙoda, balle a sha su ba a ci komai ba. Bayan 'yan kwanaki ƙirjina ya fara zafi. Garin neman gira, saura ƙiris a rasa ido.

Duk wannan ina kwance. Kullum jiki sai ƙara sandarewa yake, juyi ma sai an taya ni. A kwancen ne na ci karo da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya a waya: a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Wato mun ninka 'yan Najeriya sau biyu har da ɗoriya. Babu wata larura da ta kai shi hana mutane aikinsu a faɗin duniya. Na ji daɗi ƙwarai. Da za mu kafa jam'iyya, babu mai kayar da mu, in dai ba za a ce mu tsaya a layi ba.

Da maƙwabcin ya fara cewa abin nan sai asibitin ƙashi na Dala, sai an farke baya an sa ƙarfe, uwargida ta tsorata ta kira adaidaita sahu. Mai adaidaitan bai bar rami ko ɗaya ya yi kewarsa ba. A asibiti likita ya duba ni, ya tura ni sashen gashin ƙashi, inda na tarar da wata matashiya da ba za ta girmi ƙanwata ba. Na ce mata hoto nake so a ɗauka, da kuɗina.

Ta ce, "Baba, bari in yi maka tambayoyi tukuna." Kana iya riƙe fitsari da bayan gida? Na ce in dai ba a ba ni jiƙo ba. Tsakanin cinyoyinka ko wajen zama ya mutu, ba ka jin taɓi? Ƙafa tana sagewa ko tana ja? Akwai zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ko tari da ya daɗe? Ka faɗo daga wani wuri? Duk na ce a'a. Ta ce waɗannan su ne alamun da ba a kwana da su a gida. Kasa riƙe fitsari tare da mutuwar wajen zama yana nufin jijiyoyi sun matsu, kuma aikin gaggawa ne. Zazzaɓi da rama kuwa, a ƙasarmu dole a yi tunanin tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi. Ta kwantar da ni, ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta sa na taka da dunduniya da kan yatsu.

Sannan ta ɗauko ƙashin baya na roba ta nuna min. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan baya, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, ga tsoka da jijiyoyi sun ɗaure su. Su ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. Da ta zo nan ta ɗan dubi tumbina, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. A cikin masu ciwon nan goma, wajen tara ba a samun wata takamaimiyar cuta, tsoka ce ko gaɓa ta fusata ta ɗaure. Hoto ba ya nuna wannan. Hasali ma in aka sa masu lafiya garau a na'urar MRI, da yawansu za a ga faifan ya ɗan bulluƙo, alhali ba sa jin komai. Sai mutum ya biya kuɗi ya sayo wa kansa fargaba.

Na tambaye ta, to mene ne maganin? Ta ce in tashi.

Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce kwanciyar nan ita ke sandarar da ni. Akasarin irin wannan ciwo yana lafawa cikin mako shida, kuma wanda ke ɗan motsawa ya fi saurin warkewa. In riƙa tafiya kaɗan-kaɗan ina ƙarawa, in gasa wurin da ruwan ɗumi, in zan kwanta ta gefe in sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ofis in riƙa miƙewa lokaci-lokaci, in zan ɗauki kaya in durƙusa da gwiwa in rungumo shi kusa da jiki. Maganin kashe zafi ɗaya ya isa, na ɗan lokaci, kuma tun da cikina ya fara ƙorafi sai wanda likita ya rubuta. Na ɗaga riga na nuna mata ɗamarar da ƙanina ya sayo min. Ta ce ko a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ba a ba da shawarar ɗamara ba, haka ma jan baya da na'ura, haka ƙwayoyi dangin tramadol.

Akasarin maganin da aka ba ni a unguwa da kuɗi aka saye shi, wannan na kyauta kuwa shi na fi jin haushi, domin ya raba ni da tabarma da farfesun da ake kawo min har inda nake. Amma ya yi aiki. Na fara da zagaya tsakar gida ina dafa bango, na koma zuwa bakin layi, har na kai ga sallah a tsaye.

Ta kuma koya min motsa jiki iri-iri. A ciki akwai wanda mutum zai dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi, ya turo baya sama ya sunkuyar da kai, sannan ya saki ciki ƙasa ya ɗaga kai yana fitar da numfashi. Wata safiya ina tsakiyar yi a falo, daga ni sai singileti, idona a rufe, ina huci, surukata ta yi sallama ban ji ba. Da na ɗago kai muka haɗa ido. Ta ajiye kwanon kunun da ta zo da shi a hankali, ta ja da baya har bakin ƙofa, ta ƙwala wa 'yarta kira.

"Ke! Ɗauko mayafinki. Wannan ya wuce sanyi, gidan Malam za mu."