Injiniyan Zif na Maikunkele

Bakina ne ya jawo mini. Ina zaune a zauren gidanmu a Maikunkele, waya a kunne, nake ce wa abokin karatuna: "Wallahi kwana uku ke nan ina fama da zif, na rasa ta inda zan ɓullo masa." Ashe Inna na tsakar gida tana tankaɗe, kunnenta na wajena.

Zif ɗin da nake nufi na Gérard Huet ne, Bafaranshen da ya bayyana dabarar a 1997. A harshen kwamfuta irin Haskell ba a gyara bayanai a inda suke, sai dai a gina sabo. To in za ka yi yawo cikin bishiyar bayanai, sai ka tsaya a reshe guda, hanyar da ka biyo kuma ka goya ta a baya, kamar zif da aka zuge rabi. Ni dai ƙyuya ce ta hana ni rubuta wa kowace bishiya nata. Conor McBride ya nuna a 2001 cewa da kalkulas ake fitar da shi, darasin da na guje wa na faɗo kwamfuta. Hanyar Lämmel da Peyton Jones ta 2003 ba ta da wannan lissafin, amma sai shirin ya fara aiki take tantance nau'in bayanai, ga nawa.

Washegari da hantsi sai ga Kawu da wandon Sallarsa.

"Ɗana, an ce a jami'a zif kake karantawa. Madalla, sana'a sa'a."

"Kawu, ai nawa na cikin kwamfuta ne."

"To wannan ma sa shi a ciki."

Na fara yi masa bayanin bishiya da rassa. Ya ce shi ba itace ya kawo ba. Da na ga ba mafita, na goga wa haƙoran kyandir, na matse kan da filaya. Sai ga shi yana zugewa sumul! Kawu ya ajiye naira ɗari biyu, ya wuce majalisa da labari.

Kafin la'asar jakar makaranta huɗu ke jirana, da akwatin wani Alhaji da ya ce ta filin jirgin nan namu ya sauka da shi, don haka a bi shi a hankali.

Da dare na koma kan zif ɗin kwamfuta, na ɗauki Uniplate, kayan aikin Haskell na Neil Mitchell, don da zif ɗinsa yake zuwa a ɗinke. Ban ko gwada sauran ba, akwatin Alhaji na nan da safe.