Ku Bar Kaza Ta Yi Tononta

Alhaji, ajiye carbin nan tukuna, da kai nake. Kai ma Malam, da ka fara kaɗa kai tun ban buɗe baki ba, gyara zama. Na ji ƙorafinku a majalisa: wai yaran da aka tura jami'a su koyo abin da zai kawo tuwo gida sun dawo hutu da waya a hannu suna bin tsofaffi da tambaya. Wane ne ya haƙa rijiyar bakin kasuwa? Me ya sa ake kiran unguwar nan da wannan suna? Wa ya ce Sarki wane ya gudu? Kun ce wannan tone-tone ne, kuma garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Kun ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na yarda da karin maganar ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce yaran nan ba rimi suke hawa ba, motar Kaduna suke hawa. Suna shiga Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa su kwana biyu cikin ƙura, wasu su nufi Gidan Ɗan Hausa a Kano, wasu cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tunda ku ne masu hangen nesa, bari in yi muku 'yar jarrabawa. Ba na son leƙen amsa, kuma kada wanda ya kira jikansa a waya.

Tambaya ta farko taka ce, Alhaji, kai da ba ka rufa wata biyu ba ka je Abuja neman kwangila ba. Sunan wa garin ya ci? Na ga ka soma gyara hula. To sunan Abubakar Ja ne, Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda ya bar Zariya ya yi kudu lokacin jihadi. Abu Ja ya kafa garinsa a 1828. Da gwamnati ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976 aka ari sunan, asalin garin kuma ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Har yau sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Shekara nawa kana wuce Suleja kana sayen tsire a bakin titi, ba ka taɓa sanin kana ratsa ainihin Abuja ba? Yarinyar da ka ce ba ta da kunya ita ta sani.

Tambaya ta biyu ta kowa da kowa ce. A wane zamani Sarauniya Amina ta rayu? Kowa ya san sunanta. Akwai kwalejin 'yan mata a Kaduna da ta ci sunanta, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, an yi fim, an zana ta bisa doki da takobi. Amma da ɗalibi ya buɗe littattafai sai ya tarar bakinsu bai zo ɗaya ba. Littafin Tarihin Kano ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ya kai ta ƙarni na 16. Tsakani akwai fiye da shekara 100. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. To in yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wanne za mu kama?" ina rashin kunyar take? Shi fa bai ce babu Amina ba, nema yake ya san inda zai tsayar da ita.

A nan dole in taɓa 'yan'uwana Kanawa, don ni Bazazzage ne, ba na raga musu. Littafinku ne, ba namu ba, ya shaida cewa Amina ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ku da kuke taƙama da cinikin goro, ashe tun tuni a gidanmu ake sauke shi. Labarin nan kuma da kuke tsokanarmu da shi, na wai tana kashe miji a kowane zango, ku duba littafin naku, ba ya ciki.

Amma don kada ku ce na cika son kai, ga inda ɗalibai suka yi muku rana. Mun daɗe muna muku dariya cewa Sarkinku Alu ya ji Nasara ya ari ta kare. Mai binciken da ya bi kwanan wata zai ga cewa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da sojojin Ingila suka fasa Kano, Alu ba ya garin. Tun makonni kafin nan ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa wajen sabon Sarkin Musulmi, Attahiru. Gaskiya ne a hanyar dawowa ya rabu da rundunar da dare, aka kama shi daga baya, aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Gaskiya ne kuma Wazirinsa Ahmadu ya tsaya ya yi shahada a Kwatarkwashi. Sai dai a lokacin malamai da sarakuna kansu sun kasu uku: a yi yaƙi, a yi hijira, ko a zauna a yi sulhu don tsare addini da talakawa. Attahiru ya zaɓi hijira, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na shekarar. Wazirin Sakkwato Buhari ya zauna, ya kuma rubuta wa malamai takarda yana bayyana hujjarsa. Alu Maisango, mutumin da ya ci Yaƙin Basasar Kano ya hau gadon Dabo, ba da kalma ɗaya ake gama shari'arsa ba. Mu da muke yanke masa hukunci a kan tabarma da kofin shayi, in an fasa tayar mota a bayan layi kowa ya san inda takalminsa yake kwana. Da ma an ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Malam, na ga ka murtuke fuska, ka san Gobir zan shiga. Kwantar da hankalinka, babu mai taɓa martabar Shehu. Abin da ɗalibai ke cewa kawai shi ne mun zuba sarakunan Gobir a tukunya ɗaya mun rufe. Bawa Jangwarzo daban, Nafata daban, Yunfa daban. Bawa ne ya tara malamai a Magami ranar idi, wajen 1788, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Mutanen Shehu da kansu suka rubuta wannan, ba wani Bature ba. Takurawar daga baya ta zo, zamanin Nafata, yaƙi kuma zamanin Yunfa, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Wanda ya bambance su ya ba kowa haƙƙinsa ne, kuma ai adalci Shehun ya yi kira a kai.

Tambaya ta ƙarshe: wa ya san Satiru? Shiru kake ji. Ƙauye ne kusa da Sakkwato. A watan Fabrairu na 1906 manoma da bayin da suka tsere, da gatura da fartanyu, suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawa, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo da manyan bindigogi aka shafe garin, aka kashe mutum kimanin 2,000. Babu sarki a cikinsu, babu maroƙin da zai riƙe sunansu, shi ya sa labarin ya kwanta. Irin wannan ne ake tonowa. Wuƙar wa aka tono a nan?

Kada ma ku ɗauka 'yan zamani ne suka ƙirƙiro abin. Tun 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya ce a sake duba labarin Bayajidda, kada a ɗauke shi a matsayin cikakken bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu. Dakta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina da Maraɗi yana tattara ruwayoyi, ya nuna cewa fassara jihadi da sunan faɗan Hausa da Fulani kuskure ne. A zamaninku aka yi wannan, kuna samari, gashinku baƙi wuluk. A gabanku kuma aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare sama da shekara goma, ban ji majalisarku ta tashi tsaye ba. Yanzu da yara suka fita neman abin da aka hana su, sai ku ce sun fiye tambaya.

Ku kuma ɗalibai, kada ku washe baki, ban gama ba. Wanda ya kalli bidiyon minti biyu a TikTok ya fito yana cewa duk abin da kakanni suka faɗa ƙarya ne, shi ma ɗan majalisa ne, carbin ne kawai babu. Rahoton Razdan da kuka samo a Kaduna ba wahayi ba ne, mai mulki ne ya rubuta don ya wanke kansa. Wanda bai iya karanta ajami ba, bai san ko bihim a Larabci ba, rabin takardun ƙasar nan a rufe suke gare shi. In kun je gaban tsoho ku cire takalmi, ku durƙusa, ku kai goro, ku bar shi ya yi ta kewaye-kewayensa, don sau da yawa a cikin kewayen ne gaskiyar take fitowa. Kuma abin da aka gaya muku a asirce ba na ɗorawa a Facebook ba ne.

To Alhaji, mu dawo kanka. Akwai tsohuwar adaka a ɗakin mahaifinka, ka san da ita, cike da takardun ajami da gara ke ci tun ba a haifi babban ɗanka ba. Akwai kuma gwaggonka mai shekara casa'in da ta san waƙar daka da sunan kowace kushewa a bayan gari, ba wanda ya taɓa zama ya ɗauki muryarta. Rashin sani ne ke sa kaza ta kwana kan dami. In jikarka ta dawo hutun nan da tambayoyinta, ba ta makullin adakar, ka kuma raka ta wajen Gwaggo tun tana iya magana.