Bazabarme ya sayi fuskar roba

Bawana Bazabarme, labarinka ya riga ka iso. An ce tun daren da ka kalli V for Vendetta a wayar yaron shagonka, kana zaune a bencin mai nama da tsinke a hannu, ka daina tafiya irin ta mutane, har ka aika Aljas a sayo maka farar fuskar robar nan mai murɗaɗɗen gashin baki. Ni ubangidanka Bagobiri tambaya ɗaya gare ni: a Tamanrasat za ka burge mutane da rufe fuska? Garin da Buzaye ke jan amawali har karan hanci tun kaka da kakanni? Ai ka kai gishiri Bilma.

Zauna in warware maka, don na san ƙarar bam kawai ka ji. Fim ɗin ya shiga sinima a 2006, labarin wata Ingila ce ta nan gaba a hannun jam'iyyar Norsefire da shugabanta Adam Sutler, wanda ko manyan yaransa ba sa ganinsa sai a ƙaton allo yana daka musu tsawa. Ka lura yadda suka samu kujerar? Su suka saki cuta a makarantar yara da tashar ruwan sha, suka ɗora wa wasu, sannan suka fito da maganin suna sayarwa. Tsoro ya sa jama'a suka miƙa wuya da kansu. A nan siyasar take, kai kuwa a daidai nan ka tashi neman yaji.

Mai fuskar da ka saya, Guy Fawkes, an kama shi a Nuwamban 1605 da ganga 36 ta albarushi a ƙarƙashin majalisar Landan, kuma ba don talaka ya yi ba, so yake mulki ya koma hannun 'yan Katolika. Alan Moore da ya ƙirƙiro labarin a zamanin firaminista Thatcher ya ƙi yarda a sa sunansa a fim ɗin. Kamfanin Warner mai fim ɗin kuma yana da kaso a duk fuskar da aka sayar da lasisinsa, sai dai na san ka, taka jabu ce. Shi kansa gwanin naka V, ka manta shi ya kulle Evey, yarinyar da ya ceta, ya sa aka yi mata ƙwal-kwabo, ya gana mata azaba wai yana cire mata tsoro? In wannan ne mai ceto, Allah ya raba mu da shi.

Mutumina a fim ɗin Gordon Deitrich ne, mai barkwanci a talabijin. Dubi bambancin. Da V ya tarwatsa kotun Old Bailey, gari na wayewa gwamnati ta ce ai dama rushe ginin aka shirya, masu karanta labarai suka maimaita ba kunya. Da Deitrich ya sa aka kwaikwayi Sutler, aka yi ta guje-guje ana faɗuwa, gidaje da mashaya suka kece da dariya, babu sanarwar da za ta mayar da dariyar nan ciki. A daren 'yan sandan Sutler suka fasa wa Deitrich ƙofa. Da suka tarar da Alƙur'ani a ɓoyayyen ɗakinsa, suka kashe shi. Zolaya ce ta fi yi wa Sutler zafi, wato sana'ar da nake yi a kanka kyauta shekara da shekaru.

Kuma in gwamnatin da ke gwaji a inda mutane suke kake nema, me ya kai ka Larkhill, sansanin da aka yi gwaji a kan fursunoni a fim ɗin? Hau mota ka yi arewa kilomita 150 zuwa In Ekker, inda Faransa ta yi ta gwajin nukiliya a cikin dutse daga 1961 zuwa 1966. Ranar 1 ga Mayun 1962 dutsen Tan Afella ya kasa riƙewa, gajimaren guba ya fito ya bi iska. A 2015 mutanen In Salah, maza da mata, suka shafe watanni zaune a dandali don kada haƙar iskar gas ta ɓata musu ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 2019 kuwa tattakin Juma'a aka yi ta yi daga Fabrairu, ana kiran a yi cikin lumana, ranar 2 ga Afrilu shugaban Aljeriya Buteflika ya sauka. Ko ganga ɗaya ba a kunna ba.

Saboda haka ka yi mini rai, kada ka sa abin nan ka bi ta gaban jandarmomi su jefar da kai a bakin iyaka. Ba ni da ƙarfin zuwa Asamaka tarbar Bazabarmen da ya taka kilomita 15 a rairayi da gashin bakin roba. Ka ba direban Agadas ya kawo mini ita, in kafa a gonata ta Tibiri, tsuntsaye sun dame ni a gero. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara, ban manta ba.