Kuɗin Hazo

Kamfanin Canon na da gilashin kyamara na milimita 50 kala-kala. Akwai f/1.8, giram 160, ko aljihun riga ya ɗauke shi. Akwai babban yaya, f/1.2, giram 950. Kusan kilo guda rataye a wuya, kuɗinsa kuma ya ninka na ƙanen fiye da sau goma.

Me ake saye da wannan wahala? Hazo. Fuska ta fito tar, abin da ke bayanta ya narke kamar man shanu a rana.

Masana sai su kwana suna musun wanne ya fi iya ɓatar da bango. In aka buɗe babban yaya gaba ɗaya kuwa, idon amarya ya fito sarai, kunnenta ya bi bango.

Mu dai da hunturu, kyauta ake raba mana hazon.