Na Je Taron Masu Talla a Landan

Manchesta, Ingila

Taubashi,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da Kawu da duk mutanen rumfa. Ni ma ƙalau nake, sai sanyi da ruwan saman garin nan da bai san rani ba. Yanzu ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, kafin mutum ya naɗe dardumar la'asar magariba ta yi.

Ka san tun bara na fara sana'ar yaji. Ina haɗawa a ɗakin girkina idan na taso daga aikin dare, in sayar wa 'yan Najeriya da 'yan Gana da ke Moss Side da Cheetham Hill. To, makon jiya taubashinka ya shiga sahun manya. Na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly, awa biyu da 'yan mintuna sai ga ni a Euston, na halarci taron masu tallar kaya ta intanet. Kuɗin shiga kuwa ba za ka ji daga bakina ba. Na san halinka, kafin azahar Inna ta samu labarin ɗanta ya zautu a Turai.

Na ci ado da babbar riga ta shadda da zanna bukar, na isa na tarar kowa da 'yar riga da takalmin gudu, har masu kuɗin cikinsu. A bakin ƙofa aka rataya mini kati a wuya kamar ragon layya. Yarinyar da ke rubutawa ta tambayi matsayina, na ce mai yaji ne, sai ta rubuta wai shugaban kamfani kuma wanda ya assasa shi. Kamfanin da ma'aikatansa biyu ne, ni da injin niƙa. Daga yau ka san da wa kake magana.

Mai jawabin farko ya haska hoton mazurari a bango, irin na masu sayar da man gyaɗa. Ya ce masu kallon kaya suna shiga ta sama da yawa, masu ciro kuɗi suna fita ta ƙasa 'yan kaɗan. Jama'a suka duƙufa suna rubutu kamar an ba su laƙani. Ni kuwa Kawu na tuna. Mutum goma su tsaya, biyar su taya a ce albarka, biyu su ce bari su zagayo, ɗaya ya biya. A kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake wannan lissafi, sai dai ba wanda ya zana mazurari ya karɓi kuɗin shiga.

Wata kuma ta ce ka nemi mai mabiya da yawa a Instagram ko TikTok, ka biya shi ya yabi kayanka. Na ce a raina ashe roƙo ne ya sa kwat. Bambancin kawai, a nan doka ta wajabta wa maroƙin ya bayyana cewa talla ce yake yi. Ka ƙaddara sanƙira a gidan biki ya wasa Alhaji tun daga kakanninsa, sannan ya ƙara da cewa jama'a ku sani biya na aka yi.

Akwai kuma wani abu da suke kira algoridim, wanda shi ke zaɓar wanda zai ga tallarka. Taubashi, wannan aljani ne. Ba wanda ya taɓa ganinsa, kowa tsoronsa yake yi, kuma kowane boka da nasa turaren. Wannan ya ce ka sa hoto da sassafe, wancan ya ce da daddare, na uku ya ce hoto ya mutu sai gajeren bidiyo. Duk ukun aka tafa musu.

Inda na sha kunya shi ne da aka ce kowa ya juya ga maƙwabcinsa ya bayyana sana'arsa cikin daƙiƙa talatin. Na juya ga wani dattijo, na tambaye shi lafiya, ya sanyi, ya iyali, ya ya zo. Ina shirin cewa madalla aka kaɗa ƙararrawa. Har muka rabu bai san abin da nake sayarwa ba, amma na san matarsa na fama da ciwon gwiwa.

Abin da ya biya mini kuɗin jirgina a wajen cin abinci na same shi. An raba mana burodi mai sanyi da ganye a tsakiya, na zaro kwalbar yajina na barbaɗa. Wata tsohuwa mai sayar da sabulu ta ce za ta ɗanɗana. Sai da na fara gaya mata da ƙuli-ƙuli a ciki, don gyaɗa na cikin abubuwa 14 da dokar ƙasar nan ta ce dole a bayyana a abinci, saboda tana iya kashe wanda jikinsa ba ya karɓarta. Ta ci, ta yi tari, ta share hawaye, ta ce a ƙara mata. Kafin a tashi mutum uku sun yi odar kwalba. Wata guda ina zuba hotuna a Instagram ban sayar da haka ba.

Tsohuwar nan ce ta tambaye ni ina nake ajiye sunayen masu saye. Na nuna mata wayata, na ce ga mabiyana. Ta tuna mini ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida, kai ma ka tuna don ka zata datarka ce ta ƙare. Ta ce ran nan ta gane rumfar haya take zaune, mai rumfa na iya sa kwaɗo ba tare da ya yi mata sallama ba. Tun daga nan duk wanda ya saya, sai ta nemi izininsa ta rubuta adireshinsa na imel a wurinta, don a nan ba a tura wa mutum talla sai ya yarda.

Jikina ya yi sanyi. Ka tuna shekarar da aka ƙara wa Kawu kuɗin haya ya koma wancan layin? Ko mutum ɗaya bai ɓace masa ba. Ya san gidan kowa, ya je sunan 'ya'yansu, ya je ta'aziyyar iyayensu, ga wannan littafin nasa mai baƙin bango da muke yi wa dariya, wanda ko Gwaggo ba ta isa ta taɓa ba. Ni kuwa da na zauna a jirgi na duba mabiyan da nake taƙama da su, rabi dangi ne na Kano, irinku masu danna zuciya ba ku taɓa sayen ko cokali ba. Masu sayen gaske, waɗanda nake da lambarsu ba su cika goma ba. Ina sauka Manchesta na sayi littafi. Baƙin bango na zaɓa. Kada ka gaya wa Kawu, zai ce sai da na ƙetare teku na biya fam kafin in ji abin da yake faɗa mana kyauta muna hamma.

Saura saƙo. Idan an samu mai tahowa, a aiko mini da kimba da masoro da citta da kanumfari. Kilishin da kake ta cewa mu haɗa jari kuwa ka cire shi a ranka, an hana shigo da nama daga Najeriya, kwastan za su ƙwace, ga tara, ni kuma ba ni da kawun da zai je ya ba da haƙuri. Ka gaida Inna, ka ce mata ina sa rigar sanyi. Kuɗin sharata na shekara uku yana wuyanka, kuma tunda yanzu shugaban kamfani ne ni, da fam za ka biya.

Naka,
Taubashinka na Manchesta