Masu Ciwon Tsohon Keken Ɗinki

A Amurka da Ingila akwai wasu bayin Allah da ko maɓallin rigarsu ne ya tsinke sai sun nemi mai ɗinke musu, amma gidajensu maƙare suke da kekunan ɗinki. Ba na zamani masu jikin roba ba. Tsofaffin nan baƙaƙe na ƙarfe, masu zanen ruwan zinariya, waɗanda ake takawa da ƙafa ko a juya da hannu, irin waɗanda kowannenmu ya tashi yana jin ƙararsu daga shagon telan unguwa. A wurinmu kayan neman abinci ne. A can kuwa an daɗe da sallamarsu daga aiki, kuma tun ranar da suka daina ɗinki suka samu masoya. Har ƙungiya gare su, ISMACS, da aka kafa a Ingila a 1985, ga kuma gidan tarihi sukutum a kudancin Landan da ke ɗauke da kekuna sama da 600. Ciwon ɗaya ne, sai dai kowa da inda yake kama shi.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai ceto. Shi a faɗarsa bai taɓa sayen keke ba, cetowa yake yi. Ya ga wani an yasar a bakin titi ruwa na dukansa, ya ga wani a gwanjon kayan mamaci magada na shirin miƙa shi ga 'yan gwangwan, to ina imani in ya wuce? Na farko ya shiga falo, kowa ya yaba. Na biyar ya shiga ɗakin baƙi. Kafin a ankara mota ta koma kwana a waje, gareji ya cika. Ranar da matarsa ta tsare shi da tambayar nawa ke nan yanzu, sai ya gyara zama ya fara lissafi. Kawunan da ba su da tebur ba a ƙirga su, don ba su cika keke ba. Teburan da ba su da kai ai kayan ɗaki ne. Waɗanda aka sayo don a riƙa cirar kayan gyara kuwa gawa ne, kuma ba a sa gawa a ƙidaya. Da wannan hikima arba'in ke komawa goma sha ɗaya. Duk zai gyara su, in an samu lokaci.

Aminin mai ceto, kuma dodon kowa, shi ne malamin lamba. Kamfanin Singer yakan buga wa kowane keke lamba a kan faffaɗan ƙarfen da yadi ke kwanciya, daga gefen dama, kuma littattafan kamfanin sun ajiye ranar da aka ware kowane rukunin lambobi da irin keken da aka ware wa. Wannan bawan Allah ya kusa haddace su. Ka nuna masa keke, ba zai ce ya yi kyau ba. Tabarau zai ɗora, ya duƙa, ya ƙare masa kallo kamar dangin amarya sun buɗe akwatin lefe, sannan ya ɗago ya yanke hukunci. Shi ne zai gaya maka cewa harafin K da ke bin lambar samfuri, kamar 99K ko 201K, na nufin Kilbowie, wato babbar masana'antar Clydebank da ke kusa da Glasgow, wadda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1880 aka rufe a 1980, kuma har gobe tashar jirgin ƙasan wurin sunanta Singer. In babu K, sai ya kai ka Elizabethport ta jihar New Jersey, inda aka fara aiki a 1873. Ba ka tambaye shi ba, amma sai ka ji.

Babban aikinsa dai rusa tarihin iyali. Tsohuwa za ta zo da fara'arta ta ce wannan keken kakarta ce ta tsallako teku da shi daga Jamus a 1890. Zai saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Baiwar Allah, wannan lambar ta 1924 ce, kuma a Sikotilan aka ƙera shi." In ta nuna masa tsohuwar shekarar da ke rubuce a jikin murfin ƙoshiya, sai ya ce ai wannan shekarar rajistar fasahar ce, ba ta ƙera keken ba, kuma gaskiyarsa. Abin haushin ke nan game da shi, kullum gaskiyarsa. Ko fim ba a son kallo da shi: ana tsakiyar kuka, jaruma na ɗinkin likkafanin mijinta a zamanin yaƙin basasar Amurka, sai ka ji ya yi tsaki ya ce wannan keken sai bayan shekara hamsin za a ƙirƙiro shi.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne magaji. Shi ba mai tarawa ba ne, keke ɗaya gare shi, na kakarsa, kuma ya riga ya kashe kuɗin a zuciyarsa. Hujjarsa ita ce abin ya haura shekara ɗari. Abin da bai sani ba, masana'antar Clydebank kaɗai ta fitar da kekuna kusan miliyan 36 daga buɗe ta zuwa 1943. Tun 1856 Edward Clark, abokin kasuwancin Isaac Singer, ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan, keke ya shiga gidan mai shi da na mara shi. Ga shi kuma ƙarfen zubi ba ya mutuwa da wuri. Saboda haka kakar kowa tana da irinsa, kuma sau da yawa wahalar ɗaukarsa ta fi kuɗinsa. Magaji zai sa shi a kasuwa da farashin tsohuwar mota, ya ƙara da gargaɗin cewa ya san darajar abinsa, ban da 'yan tayin wulaƙanci. Wata uku shiru. Ya rage rabi, shiru. Ranar da zai tashi daga gidan haya sai ka ga sanarwa ta canja: kyauta ne ga duk wanda zai iya sauko da shi daga bene. Kafin ya rufe baki mai ceto ya iso.

Sau ɗaya dai mafarkin magaji ya kusa zama gaskiya, kuma a Saudiyya ne. A 2009 jita-jita ta bazu cewa tsofaffin kekunan Singer na ɗauke da wata jar zaiba mai tsadar gaske, wadda wasu suka ce ana haɗa makami da ita, wasu suka ce ana kiran aljanu. Aka riƙa kara wayar hannu kusa da allura, in sabis ya ɗauke wai akwai ta. Farashi ya yi tashin gwauron zabo har ana maganar riyal 200,000, aka kuma ba da rahoton fasa shagunan teloli. Jar zaibar nan babu ita a keke, babu ita a ko'ina. Waɗanda suka sayar sun dara, waɗanda suka saya kuwa sun samu keken ɗinki mai kyau.

Asalin rigimar wannan jama'a tana tsakanin gida biyu, gidan kar-a-taɓa da gidan mai fenti, kuma sai an san yadda aka yi jikin keken za a gane abin da suke faɗa a kai. Baƙin nan ba fenti ba ne irin na ƙofa, wani shafi ne mai kauri da ake gasawa a tanda har ya kama ƙarfe. A kansa ake manna zanen zinariyar, kowane da sunansa a bakin masana: akwai wanda suke kira jan ido a kan samfuri mai lamba 66, akwai mai hoton mutum-mutumin nan na Masar mai kan mutum da jikin zaki a kan 27 da 127. A saman duka sai a bi da wani siririn man ƙyalli da ake yi da ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan. Shi ne garkuwar zanen. Idan ya tsufa ya farfashe, ruwa ko sabulu mai ƙarfi ko sifirit na taɓa wurin, zinariya ta koma fari fat, kuma ba ta dawowa.

Shi ya sa kar-a-taɓa ba ya kusantar keke da komai sai auduga da man keke. Zai yi mako biyu yana goge wurin da bai fi tafin hannu ba. Har nan ina tare da shi. Inda muke rabuwa shi ne da ya mai da datti ma abin girmamawa. Kun san ƙyallen nan da teloli ke naɗawa a wuyan keke suna soka allurai? Matan Turawa ma sun yi, kuma alluran sun bar ƙarce birjik a wurin. Kar-a-taɓa zai nuna maka ƙarcen nan murya na rawa, ya ce hannun wata mata ne da ta tufatar da 'ya'yanta. Durowar teburin ba a zazzage ta, domin tsofaffin maɓallai da busasshen alli da guntun rasit duk tarihi ne. Ka ce a ɗinka wani abu a gani, sai ya dafe ƙirji. In bel ya tsinke fa?

Mai fenti ba shi da wannan fargabar. Shi ya kankare komai har ƙarfe ya fito, ya fesa fentin mota, ruwan hoda ko shuɗi mai walƙiya, ya manna sabon zanen da ya saya ta intanet. In keken ya riga ya ci tsatsa, zanen ya tafi, ban ga laifinsa ba. Akwai miliyoyin irinsa, duniya ba za ta yi asara ba. Ɓarnarsa a tebur take. Teburan nan, masu durowa biyar ko bakwai, da masu murfin da suke kira akwatin gawa, da waɗanda kan keken ke nutsewa ciki a rufe, yawancinsu siririn fallen katako mai tsada ne aka manna a kan na gama-gari, kuma kaurinsa bai fi na kwali ba. Mai fenti zai ɗora masa injin gurza, minti biyu ya huda shi. Sai ya ce dama fari yake so, ya shafe teburin da farin fenti, sannan, don Allah ku ji, ya ɗauki samfefa ya ƙaƙƙarce gefe-gefen don abin ya yi kama da tsoho. Ya share tsufan gaske na shekara ɗari, ya ɓata yini guda yana ƙera na ƙarya.

Abu ɗaya ke sa gidajen nan biyu su yi sahu ɗaya, shi ne ganin mahauci. Shi keke ba ya gabansa, sassansa yake so. Ƙafafun ƙarfen nan masu ado ya ɗora musu marmara su zama teburin shan shayi, durowoyi ya sayar ɗai-ɗai a matsayin ma'ajiyar 'yan kunne, kan keken kuma ya huda shi ya sa ƙwan fitila. Akwai ma kamfanin tufafi na Ingila, AllSaints, da ya shahara da jera ɗaruruwan tsofaffin kekuna a tagogin shagunansa don ado kawai. Masu tarawa kan tsaya a bakin gilashin suna jimami, malamin lamba kuma yana leƙe ko zai hango lamba.

Sai mai gaggawa, wanda ba mugu ba ne, haƙuri ne Allah bai ba shi ba. Keken da ya shekara hamsin a ajiye yakan ƙi juyawa, galibi don tsohon mai ya daskare a gaɓoɓinsa. Maganinsa kananzir, da ɗan ɗumi, da jira na kwanaki. Mai gaggawa guduma yake ɗaukowa, alhali ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Akwatin katakon nan mai lanƙwasasshen murfi in makullinsa ya ɓata, ƙaramar sukudireba mai faɗin baki tana buɗe shi. Shi sai ya ɓalle shi da ƙarfi. Man keke ya ƙare, ya ɗiga na girki, bayan 'yan watanni ya zama danƙo. In ɗinki na tsallake zai warware keken gaba ɗaya, noti-noti, ya baza a tabarma, daga baya a gano allura ce ya sa a juye. Ƙarshenta a kwali ake sayar da keken, da tabbacin cewa kayansa duk suna ciki.

Akwai masu raina Singer ɗungurungum, su sai Willcox & Gibbs mai zare ɗaya ko Jones ta Ingila ko Frister & Rossmann ta Balin, don kawai ba kowa ya san su ba. Waɗannan a bar su da girman kansu. Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne matan Featherweight, ƙaramin Singer mai lamba 221 da aka fara nunawa a bajekolin Chicago a 1933. Da alminiyam aka yi shi, nauyinsa wajen kilo 5, yana da ɗan baƙin akwatinsa. Masu ɗinkin bargon da ake harhaɗawa da ƙyallaye sun mai da shi ɗan lele: suna raɗa masa suna, suna ɗinka masa riga, suna ɗaura masa bel a kujerar mota in za su taro. A yi musu dariya in an ga dama, amma su ɗinki suke yi da shi, kuma nasu ne keken da farashinsa ya ƙi faɗuwa.

Na so a ce wata rana an kwaso dukkansu an kawo su rumfar mai gyaran keke a ɗaya daga cikin kasuwanninmu. Butterfly ɗin nan ta Shanghai da ta cika shagunan telolinmu kwaikwayon Singer mai lamba 15 ce, samfurin da asalinsa ke komawa 1879, wanda Japanawa suka kwafa bayan yaƙin duniya na biyu, Sinawa da Indiyawa ma suka bi. Shi ya sa kwarkwaro da allurar wannan ke shiga wancan. Mai gyaranmu bai san Kilbowie ba, amma ya san wannan sarai. Keken da ke gabansa kan Singer ne a kan teburin Butterfly, ƙoshiya daga wani keken, ga ɗan injin lantarki an ɗaura a baya saboda ranar da aka kawo wuta. Kar-a-taɓa zai suma, malamin lamba zai nemi kujera. Shi kuwa mai gyara tambayarsa biyu ce: "Alhaji, yana tsallake? Yana tsinka zare?" In babu ko ɗaya, keke lafiya lau, a biya shi a tafi.

Saboda haka mai karatu, in akwai irin wannan keke a ɗakin ajiyar gidanku, na Inna ko na Kaka, kada ka miƙa shi ga 'yan gwangwan, kada kuma ka sa ran kuɗinsa zai kai ka Makka. Kai shi wurin mai gyara a wanke cikinsa da kananzir, a ɗiga masa man keke, a sa sabon bel, a ba yarinyar da ke son koyon ɗinki. Zanen jikinsa kuwa auduga da man keke kawai, ban da ruwa, ban da omo.