Yadda za ka yi hirar mutuwar bos ba tare da ka kashe wa abokinka fim ba

Hirar masu kallon fina-finan leƙen asiri ba ta ɗaukar zafi sai an zo kan mutuwar bos. A nan ne mai shiru yake miƙewa tsaye yana kwatance da hannu, a nan ne shayi yake hucewa ba a sha ba. A nan ne kuma ake yin ɓarna, domin cikin waɗanda ke zaune akwai bawan Allah ɗaya da bai ga fim ɗin ba. Ya je wajen masu turi an saka masa a waya, yana jiran dare ya yi, yara su kwanta, ya kalla a natse. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta rushe masa daren. Dominsa na rubuta waɗannan shawarwari, kuma dominka, ya kai mai bakin da ke ƙaiƙayi.

Ga sanarwa tun da wuri, don shi ne ladabin farko: zan faɗi yadda wasu bosawa suka mutu a tsofaffin fina-finan James Bond, daga 1962 zuwa 1989. Wanda bai gan su ba kuma yana da niyya, ya ajiye takardar nan, ya je ya kalla, ya dawo. Abin da ya wuce wannan shekara kuwa, bakina a ɗinke yake.

Ka fara da sanin abin da yake sirri da wanda ba sirri ba. Cewa bos zai ga ta kansa a ƙarshe ba labari ba ne, ko yaron da ke leƙen taga a gidan kallo ya san haka. Tun daga Dr. No na 1962 zuwa fim na 25 a jerin, wanda ya fito a 2021, mai kallo yana shiga ne da sanin cewa mugu ba zai kai labari ba. Abin da ake biyan kuɗi a gani shi ne ta yaya. Saboda haka "bos ya mutu" halas ne ka faɗa. "Ga yadda ya mutu" sai da izini. Akwai kuma mataki na uku wanda babu izinin da ke buɗe shi, za mu zo kansa.

Izinin nan ba wuya gare shi. Kafin ka ce "ai a ƙarshe", ka ɗaga kai ka dubi jama'a ka tambaya: "Akwai wanda bai kalla ba?" Sannan ka jira amsa. Wannan jiran shi ne inda mutane da yawa suke faɗuwa, domin sukan yi tambayar da bayanin a numfashi ɗaya, kafin mutum ya ɗaga yatsa an riga an jefa bos daga jirgin sama. Ka ƙirga uku a zuci. Ka kuma lura da mai kunya, wanda ba zai ce komai ba sai dai ka ga ya sunkuyar da kai yana murza waya.

Idan an tabbatar kowa ya gani, to bismilla, ka ba hirar haƙƙinta. Kada ka yi ta kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Mutuwar bos mai daɗin tunawa tana da tushe, kuma gwanin hira daga tushen yake farawa. Ɗauki Dr. No. Ka fara da hannayensa na ƙarfe, waɗanda ya matse gunkin zinariya da su a gaban Bond don ya nuna isa. Sai ka kai jama'a ɗakin injin nukiliya a tsibirinsa da ke kusa da Jamaika, inda suke kokawa a kan wani dandamali da ke sauka cikin tafasasshen ruwa. Bond ya kama ƙarfe ya haye. Shi kuwa mai hannun ƙarfe ya kama, ya zame, ya sake kamawa, ya sake zamewa. Abin da yake taƙama da shi ne ya ƙi riƙe shi.

Haka Oddjob a Goldfinger na 1964, wanda a wurina har yau babu yaron bos da ya kama ƙafarsa. Harold Sakata, wanda ya fito a matsayinsa, ɗan wasan ɗaga nauyi ne da ya ciyo wa Amurka lambar azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 1948, don haka ƙirar nan da ka gani ba ta kwalliya ba ce. Makaminsa hula ce mai bakin ƙarfe, wadda ya fille kan mutum-mutumi da ita tun a tsakiyar fim don kowa ya shiga taitayinsa. A cikin taskar zinariya ta Fort Knox, Bond ya buga shi da duk abin da hannunsa ya kai, mutumin nan sai murmushi yake yi. Da hular ta maƙale a jikin sandunan ƙarfe, Oddjob ya miƙa hannu zai ciro kayarsa, sai Bond ya jona tsinkakkiyar wayar wuta a jikin sandunan. Da ya haƙura da hular, da wataƙila har yanzu ana faɗan. Idan za ka ba da wannan labari, ka tsaya a daidai miƙa hannun, ka kurɓi shayi, ka bar jama'a su ƙarasa da bakinsu. Ubangidansa kuwa, Goldfinger mai teɓa, harsashi ne ya fasa tagar jirgin sama, iska ta zuƙe shi ta ramin. Tun da farko a fim ɗin Bond ya yi gargaɗin abin da harbi a cikin jirgi yake jawowa, kuma mai hirar da ya tuna wannan gargaɗi ya cancanci a ƙara masa kofi.

Akwai mutuwar da sai ka shirya wa musu kafin ka ɗauko ta, wato ta Kananga a Live and Let Die na 1973, fim na farko da Roger Moore ya yi a matsayin Bond. An cusa masa harsashi mai cike da matsattsiyar iska a baki, irin wanda aka tanada don kifin shak, ya haɗiye, ya kumbura, ya tashi sama, ya fashe. Rabin majalisa za su ce shirme ne, rabi za su riƙe ciki don dariya. Ni ina ganin Yaphet Kotto, wanda ya fito a matsayin Kananga, ya yi wasan da ya fi ƙarfin a sallame shi haka, amma kuma ban taɓa jin wanda ya gani ya manta ba. Kada ka nemi raba wannan gardama, ba ta rabuwa. Ka bar ta ta ci, idan ta lafa sai ka jefo Drax na Moonraker, 1979, da aka tura ta ƙofar tashar sama jannati ya bi sararin samaniya, ko Scaramanga na 1974 da Bond ya yaudara ta hanyar tsayawa a gurbin mutum-mutumin kansa. In kana son a yi tsit, ka kawo Sanchez na Licence to Kill, 1989. Jikinsa jiƙe da fetur, adda a hannu, sai Bond ya fito da letar kunna sigari da amininsa Felix ya ba shi kyauta a ranar aurensa, auren da mutanen Sanchez suka mayar makoki. Wannan mutuwa ba ta dariya ba ce, ramuwa ce, kuma da murya ƙasa-ƙasa ake ba da ita.

To, mu koma ga mataki na uku. Sunan maci amana ba a faɗar sa, ko fim ya shekara hamsin. Fim ɗin leƙen asiri ya bambanta da fim ɗin dambe a nan, domin jarinsa duka rashin sanin wanda za ka yarda da shi ne. Tinker Tailor Soldier Spy na 2011, wanda aka ɗauko daga littafin John le Carré na 1974, ya ɗora sa'o'i biyu cur a kan tambaya ɗaya: cikin manyan jami'an leƙen asirin Ingila huɗu, wane ne yake yi wa Rasha aiki? Ka faɗi sunan, ka bar mutum da kallon dattawa suna shan taba a ofis. Mission: Impossible na farko, na 1996, yana da irin wannan ƙulli. Masoya fina-finan Indiya ma sun san War na 2019, na Hrithik Roshan da Tiger Shroff, da abin da ke cikinsa wanda ba zan ko matsa kusa da shi ba. Duk shekara akwai matashin da zai ga waɗannan a karon farko, kuma yana da haƙƙin ya buɗe baki don mamaki kamar yadda ka buɗe naka. A wannan rukuni kuma ka saka duk wani mutumin kirki da bai koma gida ba.

Yanzu ka binciki kanka, domin mafi yawan masu tona fim ba su san suna yi ba. Akwai mai cewa, "Wallahi ba zan gaya maka komai ba, amma dai ka sa ido a kan mai gilashin nan." Malam, ka gama faɗa. Akwai mai cewa, "Ka tanadi hankici." Shi ma ya gama. Akwai wanda ya riga ya kalla sau biyu, ya zo ya zauna kusa da kai a benci, duk lokacin da wani mutum ya shigo hoto sai ya yi tsaki ya girgiza kai. Bai yi magana ba, amma tsakinsa ya karanta maka ƙarshen labari. Akwai mai zungurinka da gwiwar hannu yana cewa, "Yanzu za ka ga aiki." Akwai kuma mai ɗauko hoton gawar bos ya ɗora a WhatsApp da asuba, ya rubuta "Allah ya ƙara" a ƙasa. In ka ga kanka a ɗaya daga cikinsu, maganin ɗaya ne. Idan kana kallo da sabon shiga, ka sa gyaɗa a baki, ka haɗa hannuwanka a cinya, ka kafa ido a allo.

Za ka haɗu da mai kare kansa da ilimi. Zai ce maka ai an yi bincike, kuma gaskiyarsa: a 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ba mutane gajerun labarai su karanta, suka gano cewa waɗanda aka gaya wa ƙarshe tun farko sun fi jin daɗin karatun da ɗan kaɗan. Ka amsa masa cikin girmamawa cewa waɗancan da ƙafarsu suka je aka gwada su, abokinka kuwa bai sa hannu a takardar kowa ba. Mutumin da ya ture tsokarsa gefen kwano don ya ci ta a ƙarshe, ba ka da hurumin ɗauka ka saka masa a baki tun lomar farko, ko da likita ya ce hakan ya fi lafiya.

Batun wa'adi kuma, kada ka ari na mutanen da sinima ke bakin ƙofarsu. A wajenmu fim yakan iso a hankali. Wani sai ya samu data, wani sai an yi fassarar Hausa, wani sai ɗan'uwansa ya dawo daga birni da shi a waya. Sabon fim a nan yana iya shekara yana sabo. No Time to Die ma, wato fim ɗin Bond na 25, da aka shirya fitarwa a Afrilun 2020, annobar korona ta tura shi har ƙarshen Satumban 2021, shekara shida bayan Spectre da ya gabace shi, kuma masu shi da kansu sai da suka fito suna roƙon jama'a su kama bakinsu. Wanda ya jira shekara shida bai cancanci ka gama masa da shi a layin cirar kuɗi ba.

Kai kuma da ba ka kalla ba, akwai naka aikin. Kada kunya ta cuce ka. Da ka ji an ambaci sunan fim, ka ɗaga murya. In sa'anka ne, "Kai, dakata, ban gani ba!" ta wadatar. In yayanka ne, ka ce, "Yaya, don Allah a yi mini rai, yau nake son kallo." In kuwa surukinka ne ya ɗauko labarin Goldfinger yana jin daɗinsa, babu dakatarwa a nan. Ka ce, "Baba, bari in duba ko an kawo ruwan alwala," ka fice, kada ka dawo sai ka ji an koma hirar farashin taki.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, baki ya suɓuce maka a gaban wanda bai gani ba, ka tsaya nan take. Kada ka ce za ka gyara da "a'a, wasa nake yi, ba shi ba ne", domin ka ƙara masa tabbaci ne kawai. Ka ba shi haƙuri, ka biya masa shayi da ƙwai, sannan ka ƙarfafa masa gwiwa ya kalla duk da haka. Fim mai kyau yana da abin da baki ba ya iya ɗauka. Kowa ya san Bond zai fito da rai daga faɗansa da Red Grant a ƙuntataccen ɗakin jirgin ƙasa a From Russia with Love na 1963, amma har yau in aka zo wurin sai ka ga mai kallo ya daina tauna.

Wanda bai ga No Time to Die ba har yanzu, don Allah ya nema ya kalla cikin makon nan. Waɗanda suka gani sun daɗe suna haƙuri, kuma akwai magana a bakinsu.